Ƙasusuwan Dabbobin Dauri a Nijar da Sakkwato, da Yadda Waƙa Ke Riƙe Ilimi

Godiya ta tabbata ga Allah, Mahaliccin abin da muka sani da abin da ba mu sani ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, yaranmu na Akwatialine da sauran unguwannin Zangon Kumasi suna ganin hotunan manyan dabbobin nan da ake kira dainaso a littattafan makarantar boko da majigin yara. Da yamma kuma su zo makarantar Islamiyya su tambayi malam: wai da gaske an yi su? Amsar da suke samu galibi iri biyu ce. Wani ya ce tatsuniyar Turawa ce, wani ya ce ƙasusuwan Adawa ne, mutanen Annabi Hudu. Duka biyun ba daidai ba ne. Yaron da aka ba amsa maras tushe kuwa, ranar da ya gano gaskiya yakan fara shakkar mai amsar, har a kan abin da malamin ya sani da kyau. Don haka muka tattara wannan bayani domin malamai da ɗalibai. Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne, wasu daga cikin mafiya shaharar waɗannan ƙasusuwa a duniya, a ƙasashen da kakanninmu fatake suka fito aka tono su.

Yadda ƙashi ke zama dutse

Dabba idan ta mutu a fili, ungulu da kuraye da rana sukan gama da ita. Amma idan ta mutu a bakin kogi ko a cikin ruwa, laka ko yashi suka rufe ta da wuri, naman yakan ruɓe ƙashin ya saura. Ruwan da ke ratsa ƙasa yana ɗauke da ma'adinai, su ne ke shiga ramukan ƙashin a hankali su cike su, har ƙashin ya yi nauyi da tauri irin na dutse, siffarsa kuma tana nan. Lakar da ta rufe shi ita ma takan daskare ta zama dutse, wata ta hau kanta, wata ta sake hawa, kamar yadda mai atamfa ke jera turame a kasuwar Kejetia: na ƙasa shi aka fara ajiyewa. Wannan abin da ya saura shi ake kira burbushin halitta. Sunan dainaso kuwa wani masani ɗan Ingila, Richard Owen, ya ƙirƙiro shi a 1842 daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar ƙadangare mai ban tsoro.

Malaman Musulunci sun riga Owen lura da wannan da ƙarnuka. Abu Raihan al-Biruni, a littafinsa Tahdidu Nihayatil Amakin da ya kammala a 1025, ya bayyana cewa saharar Larabawa teku ce a da, hujjarsa kuwa ita ce ɓawon halittun ruwa da ake samu idan ana haƙa rijiya. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi magana a Kitabus Shifa kan yadda dabbobi da tsirrai ke rikiɗa su zama dutse. Ba su ga wani saɓani tsakanin wannan bincike da imaninsu ba.

Gadufawa

Gabas da Agadas, a cikin hamadar Tenere, akwai wani wuri da Abzinawa ke kira Gadufawa, ana fassara sunan da wurin da raƙuma ke tsoron zuwa. Iska ce ke yi wa masu bincike rabin aiki a can: tana kwashe rairayi, sai ƙasusuwa su bayyana a jere a kan ƙasa. Abzinawa sun san da su tun da daɗewa. Faransawa masu neman yuraniyom suka ci karo da wurin, daga 1965 kuma wani matashin masani, Philippe Taquet, ya shiga tono a can. Daga baya Paul Sereno na Jami'ar Shikago a Amurka ya zo da tawagarsa, ya yi manyan tafiye-tafiye a 1997 da 2000. Duwatsun wurin, a lissafin masana, sun kai kimanin shekara miliyan 110, lokacin da hamadar nan take ƙasar manyan koguna da fadamu.

Wanda ya fi shahara cikin abin da aka samu shi ne Sarcosuchus imperator, wanda France de Broin da Taquet suka raɗa wa suna a 1966. Ba dainaso ba ne, dangin kada ne. Ƙoƙon kansa kaɗai ya kusa tsawon mutum a tsaye. A 2001 Sereno ya ƙiyasta tsawonsa da mita 11 zuwa 12, wato kamar babbar motar fasinja mai zuwa Tamale, nauyinsa kuma tan 8. Wasu masana suka sake auno a 2019 suka ce bai wuce mita 9 da rabi ba. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa. Akwai ɗan'uwan wannan kada da aka samu a Barazil. Dalilin da masana suka bayar shi ne, a wancan zamani Afirka da Amurka ta Kudu ba su gama rabuwa ba, gaɓar tekun Gana ta yau tana maƙwabtaka da arewa maso gabashin Barazil. Duk wanda ya dubi taswira zai ga yadda gaɓoɓin biyu suke shiga juna.

Sai Ouranosaurus nigeriensis, mai cin ganye, tsawonsa kimanin mita 7, wanda Taquet ya bayyana a 1976. An ɗauko sunansa daga kalmar da mutanen hamada ke kiran damo da ita. Ƙasusuwan bayansa suna da dogayen tsinkaye a tsaye. Me suka ɗauka? Wasu masana sun ce fata ce shimfiɗaɗɗiya kamar filafilan jirgin ruwa, wasu sun ce tozo ne irin na raƙumi. Ƙashin yana nan, kowa zai iya auna shi. Tozon kuwa hasashe ne, domin kitse da fata ba su saura ba. Ƙwarangwal ɗinsa ɗaya yana gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, wani kuma yana birnin Benis a Italiya.

A ganinmu wanda ya fi cancantar a tsaya a yi tunani a kansa shi ne Nigersaurus taqueti, wanda aka raɗa wa suna a 1999 da sunan ƙasar Nijar da na Taquet. Tsawonsa mita 9. Bakinsa faffaɗa ne, a miƙe kamar bakin shebur, ya fi sauran kan faɗi. Haƙoransa sun haura 500, a jere a gaban baki, kowane haƙori da wasu a bayansa suna jiran ya zaizaye su maye gurbinsa. Da aka ƙirga layukan girma da ke cikin haƙoran, aka ga kowane ɗaya yakan sauya cikin kwana 14. Dabba ce mai kiwo da kai a ƙasa, tana yankar ƙananan tsirrai masu haɗe da yashi, yashin yana cinye haƙora, sai aka yi mata tanadin da ya dace da abincinta. Ƙasusuwan kanta kuma wasu saboda rashin kauri haske na ratsa su. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya ba kowane abu halittarsa.

A nan ne kuma aka samu Suchomimus tenerensis, aka bayyana shi a 1998: mai tafiya da ƙafa biyu, mita 11, dogon baki kamar na kada, da babbar akaifa a kowane hannu. Kifi yake ci.

Yamma da Agadas, wajen Ingal, duwatsun sun fi tsufa. Can aka tono Afrovenator, mai cin nama, a 1993, da kuma Jobaria tiguidensis da aka bayyana a 1999, mai dogon wuya, tsawonta kamar tirela, wajen mita 18. An samu kusan dukkan ƙasusuwanta, abin da ba kasafai ake dacewa da shi ba. Sunan daga Jobar ne, wata halitta a labaran Abzinawa da suke danganta ƙasusuwan da ita. Da farko an ce shekarunta miliyan 135, a 2009 aka sake nazarin duwatsun aka mai da su sama da miliyan 160.

A tafiyar 2000 tawagar Sereno ta kuma ci karo da wata tsohuwar maƙabartar mutane a Gobero, mai kaburbura wajen 200, na mutanen da suka zauna a bakin tafki shekaru dubbai da suka wuce, suna kamun kifi a inda yau babu ɗigon ruwa. Kada a haɗa su da dainaso. Tsakaninsu akwai miliyoyin shekaru, babu ɗan Adam da ya taɓa ganin dainaso da rai.

Lokacin da Sakkwato take ƙarƙashin teku

Wannan ya fi kusa da gida ga da yawanmu. A ƙarshen zamanin dainaso da bayansa kaɗan, wani reshen teku ya ratso Sahara daga arewa, ya malale ƙasar Mali da Nijar ta yau har ya kai Sakkwato. Shaidarsa tana cikin tsaunukan Dange da Wurno da Gwaranyo. A 1930 masanin Ingila W. E. Swinton ya bayyana ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku daga lardin Sakkwato. Masana daga Italiya suka samo ƙarin ƙasusuwansa, a 1972 suka ba shi sunan Goronyosaurus, wato ƙadangaren Gwaranyo. A 1975 Beverly Halstead ya bayyana wani dangin kada ya kira shi Sokotosuchus. Akwai kuma kunkurun ruwa da haƙoran kifaye. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita, ita ma a ƙarƙashin wannan teku ta taru, cike take da ɓawon halittun ruwa. Wanda ya gina ɗaki da simintin Sakkwato, da ragowar tsohon teku ya yi gini.

Me ya sa ba a samun su a Kumasi?

Duwatsun da Kumasi da Obuasi suke kai sun haura shekara biliyan 2 a lissafin masana, sun riga dabbobi masu ƙashi zuwa duniya da nisa, zafi da matsi kuma sun sauya su. Zinariya ake samu a cikinsu. Amma Gana ba ta rasa nata ba. A duwatsun gaɓar teku na Ankara, babban birninmu, an samu burbushin ƙananan halittun teku masu ɓawo da suka girmi dainaso, shekarunsu sun haura miliyan 380. A Togo, cikin ramukan haƙar fosfat da ake takin zamani da shi, an samu ƙasusuwan wata dabbar teku mai shayarwa, aka kira ta Togocetus a 2014.

Muna kuma da tafkin Bosomtwi, kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi. Rami ne da wani dutse da ya faɗo daga sama ya haƙa wajen shekara miliyan 1 da suka wuce, faɗinsa kilomita 10 da rabi, an yi haƙan bincike a cikinsa a 2004. Ga alaƙarsa da zancenmu. Mafi yawan masana suna ganin abin da ya ƙarar da dainaso, shekara miliyan 66 da suka wuce, wani dutse ne da ya faɗo a gaɓar Meziko, ƙurarsa ta tare rana, tsirrai suka mutu, dabbobi suka bi su. Ramin da ya bari ya kai faɗin kilomita 180. Dutsen kansa faɗinsa wajen kilomita 10 ne, wato kusan girman ramin Bosomtwi gaba ɗaya. Malamin da ya kai ɗalibansa bakin tafkin nan ya nuna musu tsaunukan da suka kewaye shi, ya huta da dogon bayani.

Tambayoyin da suka shafi aƙida

Daga ina ake samun waɗannan miliyoyi? Wasu ma'adinai suna rikiɗa da kansu a kan ƙa'ida sananniya, kamar yuraniyom da ke komawa darma. Idan aka auna yawan na farko da na biyu a cikin tokar dutse mai aman wuta da ke sama ko ƙasa da ƙashin, sai a lissafa shekarun. Inda babu irin wannan toka, sai a kwatanta da wasu wurare, kuma a nan ne kuskure ya fi shiga, kamar yadda ya faru da Jobaria. Saboda haka mataki uku ne: ƙashin da ke hannu tabbas ne; shekaru da tsawo lissafi ne mai karɓar gyara; launin fata da kuka da ɗabi'a, yawancinsu zato ne na mai zane.

Shin wannan ya saɓa wa Alƙur'ani? Babu aya ko ingantaccen hadisi da ya ƙayyade shekarun duniya, Ibnu Hazmi ma ya faɗi cewa Musulmi ba su yanke wani adadi a kan haka ba. Kwanaki shida na halitta, Allah ne Ya san tsawonsu. A Suratul Hajji aya ta 47 an ambaci yini mai tsawon shekara dubu, a Suratul Ma'ariji aya ta 4 kuma mai tsawon shekara dubu hamsin. Suratul Ankabut aya ta 20 ta yi umarni da tafiya a bayan ƙasa don duba yadda aka fari halitta. Suratun Nahli aya ta 8, bayan ambaton dabbobin hawa, ta sanar da cewa Allah Yana halittar abin da ba mu sani ba. Duk da haka ba ma cewa wata aya tana nufin dainaso a kan kansa, domin tafsiri ba a yin sa da sha'awa. Abin da wahayi ya tabbatar game da halittar Annabi Adamu kuwa yana nan a matsayinsa, ƙashin kada na Gadufawa bai ce komai a kai ba.

Sai hattara da hoton nan da ke yawo a WhatsApp, na ƙaton ƙwarangwal ɗin mutum da masu tono a gefensa, ana cewa an gano Adawa a saharar Saudiyya. Haɗa shi aka yi da kwamfuta a wata gasar sarrafa hotuna, aka fara yaɗa shi da wannan labari tun 2004. Labarin Adawa gaskiya ne saboda Alƙur'ani ya faɗa, ba ya buƙatar hoton ƙarya, wanda ya tura shi kuma ya tura ƙarya ko da niyyarsa mai kyau ce.

Ga 'yan'uwanmu masu fatauci tsakanin Kumasi da Yamai da Agadas: idan aka tallata muku haƙori ko ƙashin dutse, ku sani dokar Nijar ta hana fitar da irin waɗannan ba tare da izini ba. Ƙashin da aka cire daga wurinsa ba a rubuta inda yake ba ya rasa rabin amfaninsa, domin dutsen da ya kewaye shi ne ke faɗin shekarunsa. Niƙa shi a sayar da sunan magani yaudara ce. Idan na mutum ne abin ya fi muni, gama Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya na mai rai. Wanda ya tsinci wani abu a nan Gana ya bar shi a wurinsa, ya ɗauki hoto, ya sanar da hukumar gidajen tarihi ko sashen ilimin ƙasa na jami'ar KNUST.

Waƙa da ilimi

Waɗannan ƙasusuwa sun shiga waƙoƙi a ƙasashen Turai da Amurka. A 1886 mawaƙin Faransa Camille Saint-Saëns ya tsara wani ɗan kiɗa a kan burbushin halittu, ya sa kayan kiɗa na katako, irin wanda Dagarti ke bugawa a arewacin Gana, yana kwaikwayon ƙarar ƙasusuwa. A 2009 ƙungiyar They Might Be Giants ta Amurka ta fitar da faifan waƙoƙin kimiyya na yara, ciki har da ta mai tonon ƙasusuwa. Wani lokaci ma abin yakan juya: wani dainaso na Madagaska, Masiakasaurus knopfleri, an sa masa sunan mawaƙi Mark Knopfler a 2001 don waƙoƙinsa masu tonon ke saurare.

Maganar kayan kiɗa malamai sun yi saɓani a kanta, ba ita muke warwarewa a nan ba. Abin da babu jayayya a kansa shi ne waƙe, wato tsara ilimi a baitoci, kuma mu ne masu shi. Ɗalibin Zango da ya haddace Alfiyyar Ibnu Malik ya san yadda baiti ke riƙe ƙa'idar nahawu shekara arba'in ba ta zube ba. Ba nahawu da fiƙihu kaɗai aka waƙe ba. Ibnu Sina ya tsara likitanci a baitoci sama da dubu. Ibnul Yasamin, wanda ya rasu a Maroko a 1204, ya waƙe aljabara. Malaman ƙasar Hausa sun yi waƙoƙin taurari da ke jera masaukan wata 28 don manomi ya san lokacin shuka, wanda daban yake da duba da aka haramta. A nan Gana, Alhaji Umaru Karaki, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga ya rasu a Karaki a 1934, ya yi waƙa a kan annobar murar 1918. Cikin mawaƙan baka kuma, Alhaji Mamman Shata ya yi waƙar kumbon Apollo 11 da ya kai mutum duniyar wata a 1969, mutanen karkara da yawa a bakinsa suka riƙe labarin.

Muna ganin lokaci ya yi da masu baiwar waƙe a makarantunmu za su tsara wa yara baitoci a kan waɗannan halittu, da Hausa, a karin da suka saba. Sai dai waƙa tana da haɗari guda: abin da ya shiga baiti ba ya fita, ko da ilimi ya gyara shi. Wanda ya waƙe kadan Gadufawa a 2001 da ya sa mita 12, yara suna nan suna rera shi bayan masana sun rage. Don haka mai tsarawa ya gina baitocinsa a kan abin da hannu ya taɓa: sunayen wurare, Gadufawa da Ingal da Gwaranyo da Dange, faɗin bakin Nigersaurus da jerin haƙoransa, ɓawon teku a farar ƙasar Kalambaina, ramin Bosomtwi. Inda zai ambaci shekaru ko tsawo, ya sa kalmar kimanin ko a lissafin masana, ko da za ta wahalar da shi wajen daidaita kari. Tozon Ouranosaurus kuwa ya kawo ƙauli biyun duka, kamar yadda masu waƙen fiƙihu ke yi idan mas'ala tana da saɓani. Kafin a ba yara su haddace, a kai wa malamin kimiyya ya duba lambobin, a kai wa malamin tauhidi ya duba lafuzzan.